Ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku suna ɓacewa bayan darussan aji: ina mafita?

Mai Kula da Ɗalibai ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun lokacin da aka ɗora mini nauyin kula da karatun gaba da digirin farko a sashenmu, a wata jami'ar gwamnatin tarayya da ke arewacin Najeriya. Da aka miƙa mini fayilolin ɗalibai, na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar kusan duk labarinsu guda ne. Ɗalibi ya sami gurbi, ya biya kuɗin rajista, ya halarci darussan aji na zango biyu, ya ci jarrabawa da sakamako mai kyau, an haɗa shi da malamin da zai duba aikinsa, daga nan kuma sai a ji shi shiru. A wani fayil ɗin takardar ƙarshe ita ce ta amincewa da taken bincike, a wani kuma rasit ne na rajistar shekara ta biyu wanda har tawadarsa ta koɗe. Ba a kore su ba, ba su rubuto sun ce sun janye ba, sunayensu na nan a rajista, amma babu wanda ya san inda suke.

Sannan masu neman shiga ma sun ragu, musamman waɗanda muka fi kwaɗayin samu, wato yaranmu da suka fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ma'aikacin da ke zuwa daga wani gari ya sake shawara. Wanda kuma yake da hali, ko ya dace da tallafi, hankalinsa yana Malesiya ko Ingila ko Indiya.

A zaman sashe da ya gabata, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne mu tsananta talla a rediyo da Facebook, mu kuma sassauta sharuɗɗa domin a cike gurabe, tunda kuɗin ɗaliban digiri na biyu da na uku na cikin 'yan hanyoyin da jami'a ke samun kuɗin shiga na ƙashin kanta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da haka ba, domin ina ganin bai dace mu kirawo sababbi ba alhali ba mu san abin da ya sami na jiya ba. Tambayata ita ce, me sashe guda wanda ba shi da wani kasafi na a zo a gani zai iya yi da hannunsa domin ɗalibin da ya shigo ya kai ga kare kundinsa? Kuma shin akwai abin da ke jawo ɗalibi nagari ban da talla? Ina roƙon waɗanda suka daɗe a harkar, da waɗanda suke cikin karatun a yanzu, su taimaka mini da abin da suka gani da idonsu.

Dattijon Tsangaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah ya taya ka riƙo. Ka yi daidai da ka ƙi sakin jiki da shawarar talla, domin ba a ƙofar shiga ake rasa ɗalibin gaba da digiri ba, kuma ba a cikin aji ba. Muddin akwai jadawalin darasi, akwai ranar jarrabawa, akwai abokan karatu da za su buga masa waya idan ba su gan shi ba, zai daure ko da a ƙafa zai zo. Ranar da aka ce masa ya je ya rubuto furofozal, a ranar duk waɗannan suke kaucewa lokaci guda. Babu sauran jadawali, abokai sun watse, ba a yanka masa rana ba, ya rage daga shi sai mutum ɗaya wanda aiki ya riga ya yi wa katutu. Duk gyaran da za ka yi, a wannan gaɓa ya kamata ka kafa shi.

Bari in ɗan koma baya, domin matasan malamai su san yadda aka faro. A zamanin da muka taso jami'a ba ta tallar karatun gaba da digiri, renon masu yin sa take yi. Yaron da ya fi kowa hazaƙa a aji, kafin ya gama hidimar ƙasa shugaban sashe ya riga ya rubuta takarda a kansa. A ɗauke shi a matsayin ƙaramin malami mai taimakawa, yana karɓar albashi, yana da tebur a sashe, yana gyara takardun 'yan aji ɗaya, yana kuma yin digirinsa na biyu a gaban idon manyansa. Da yawa daga cikin farfesoshin da ake ji da su a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri ta wannan ƙofa suka shigo. Sannu a hankali ƙofar ta ƙuntata, saboda takunkumin ɗaukar ma'aikata da kuma tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda ya kai jami'a ba ta iya ɗaukar mutum sai da sahalewar Abuja. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin a watan Disambar 2023, amma hazikan da aka rasa a tsakani sun riga sun kama wasu hanyoyin. Ka haɗa wannan da yajin aikin 2020, wanda ya ɗauki tun daga Maris har Disamba a tsakiyar annobar korona, da na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ni ɗan ƙungiyar malaman jami'a ne, wato ASUU, na kuma san dalilan da suka sa aka tafi, amma gaskiya ɗaya ce: ɗalibin da gwajinsa ya dogara da damina ya yi asarar shekara sukutum, ma'aikacin da hutun karatunsa ya ƙare an kira shi ofis, kuma da dama daga cikin fayilolin da ke gabanka a waɗannan shekaru suka yi shiru. Ka duba kwanan watan da ke jikinsu za ka gani.

Abin da ke hannunka kuwa ya fi yadda kake zato. Kada sashe ya ba kowa gurbi sai an sami malami da ya sa hannu cewa ya karanta abin da mai neman yake son bincikawa, kuma yana da sararin duba shi. Wannan zai rage adadin da za ku ɗauka, shugaban sashe ba zai ji daɗi ba, amma malamin da aka jibga wa ɗalibai fiye da ƙima ba ya duba kowa, sa hannu kawai yake yi ga wanda ya fi naci. Bayan haka, ka fitar da kalandar shekara guda cif tun farkon zango, ka manna ta a allon sanarwa da sunan kowane ɗalibi da ranar da zai gabatar da furofozal ko saminar ci gaban aiki, kuma a yi zaman ko da mutum uku ne suka halarta. Rana da aka yanka tana tayar da ɗalibi, tana kuma tayar da malaminsa, domin babu malamin da ke son a kira ɗalibinsa a gaban jama'a ya ce babinsa yana hannun Malam tun bara. A kuma buɗe wa kowane ɗalibi ɗan littafi da za a riƙa rubuta ranar da ya miƙa babi da ranar da aka dawo masa da shi, duka su biyun su sa hannu, sashe ya kuma amince da wa'adi, misali makonni huɗu, wanda babi ba zai wuce a hannun malami ba.

Akwai abu guda da muke jin nauyin faɗa, amma dole a faɗe shi: ya kamata sauya mai duba aiki ya zama al'amari na ofis da ake yi da takarda, ba gaba ba. A yadda muke tafiya, ɗalibi ya gwammace ya haƙura da digirin gaba ɗaya da a ce ya kai ƙarar Farfesa. Idan tun farko kwamiti na mutum biyu ko uku ne ke duba shi da gaske, ba na suna a takarda ba, to tafiyar ɗaya hutun ƙaro ilimi, ko samun muƙami a gwamnati, ko rasuwa, ba za ta binne aikin yaro ba.

Ba na kuma son a ɗauka laifin malamai ne kaɗai. Alawus ɗin duba ɗaliban gaba da digiri yana cikin yarjejeniyar da gwamnati ta yi da ASUU a 2009, amma biyansa ya kasance na jefi-jefi, sai an tara bashi an yi rigima. Mai jarrabawa na waje kuma yakan zo da kuɗin aljihunsa ya yi ta jiran a maida masa, saboda haka idan aka sake gayyatarsa sai ya yi ta jan ƙafa, kundin ɗalibi yana ajiye. A Afirka ta Kudu wani kaso na kuɗin da gwamnati ke ba jami'a ya rataya ne a kan yawan waɗanda suka kammala digirin bincike, don haka jami'a tana da dalilin bin ɗalibi har ya gama. Mu a nan ranar rajista kuɗi ke shigowa, har ma wanda ya daɗe bai gama ba ya fi kawo kuɗi a kan wanda ya gama a kan kari. Wannan ya fi ƙarfin sashe, amma yana da kyau ka san tushen sakacin da kake yaƙi da shi.

Malamar Sakandare ta amsa:

Allah ya ƙara wa Baba Farfesa lafiya, ya faɗi abin da mu ɗalibai ba mu da bakin faɗa. Ni ina cikin karatun digiri na uku a yanzu, ina koyarwa a makarantar sakandare, ina da aure da yara, kuma garin da nake zaune ba shi ne garin jami'ar ba. Dakta, zan gaya maka yadda abin yake daga ɓangarenmu.

Ranar da zan ga mai duba aikina, tun jiya nake neman izini a wurin aiki, in shirya wa yara abincin rana, in kama motar asuba. Sau da yawa nakan isa in tarar ofis a kulle, masinja ya ce Malam ya tafi taro, ko an kira zaman majalisar jami'a ba zato. Sai in zauna a kan benci a baranda da jakar takardu a cinya har azahar, domin babu wani ɗaki a sashen da aka ce na ɗaliban gaba da digiri ne, babu inda zan sa kwamfutata a caji, babu inda zan shayar da jariri. In juyo gida da magariba ban ƙaru da komai ba sai kuɗin mota da na kashe. Saƙon waya guda ɗaya da dare ya isa ya hana wannan asara. Ba na zargin kowa da mugunta, amma sashen da bai ɗauki lokacin ɗalibi a bakin komai ba, shi ma ɗalibin wata rana zai daina ɗaukar karatun a bakin komai.

Maganar kuɗi kuma ba a kuɗin rajista ta tsaya ba, ko da yake shi ma yana taruwa shekara bayan shekara ko da jinkirin ba daga ɗalibi yake ba. Kowace samina sai an buga kundi kwafi-kwafi an raba wa 'yan kwamiti, a yi gyara a sake bugawa. Ga sharaɗin sai an wallafa maƙala a mujalla kafin a kare kundi, alhali mujallun kirki da yawa da dala ake biyansu, dalar da ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ba a nuna masa hanya ba sai ya faɗa hannun mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. Sannan ga al'adar da ba a rubuta a ko'ina ba, ta cewa ɗalibi ne zai kawo abinci da lemo da ruwa ranar difens, wato kare kundi, har da ƙunshin da za a tafi da shi gida. Na ga 'yar ajinmu da ta ɗaga ranar gabatar da aikinta saboda ba ta haɗa kuɗin wannan ɗawainiya ba, kuma kunya ta hana ta faɗin dalili. Dakta, wannan kana iya kashe shi da sanarwa guda, haka nan kana iya sa a riƙa karɓar babi ta imel a yi gyara a kwamfuta, a bar bugawa sai kwafin ƙarshe.

Game da mata, abin da muka fi buƙata shi ne a sami hanya sananniya ta dakatar da karatu na zango ɗaya ko biyu saboda haihuwa ko jinya, ba tare da agogon wa'adi yana tafiya ba, ba tare da kuɗi yana taruwa ba. Wataƙila dokar tana nan a littafin makarantar gaba da digiri, amma ba a gaya mana ranar shiga. Mace ta haihu, ta yi wata uku ba ta leƙo ba, sai ta ji nauyin haɗa ido da malaminta, wata ukun ya zama shekara, shikenan an rasa ta. Cikin fayilolin da ka ce sun yi shiru, ina da yaƙinin akwai irin waɗannan, kuma kiran waya daga sashe cewa ana nemanta, ƙofa a buɗe take, zai dawo da wasunsu.

Abin da ya riƙe ni har yau abu biyu ne. Akwai wata babbar malama a sashen, ba ita ke duba ni ba, wadda ta ce in riƙa turo mata abin da na rubuta, takan dawo da shi da jan rubutu a gefe cikin 'yan kwanaki. Sai kuma zauren WhatsApp da mu 'yan shekara ɗaya muka buɗe, inda kowace Lahadi da dare kowa ke faɗin shafi nawa ya rubuta a makon. Ranar da na ce na gaji zan bari, su suka hana ni.

Tsohon Ma'aikacin Rajista ya amsa:

Ranka ya daɗe Farfesa, Malama, na ji bayananku kuma ban musa ko ɗaya ba. Sai dai na yi shekaru ina riƙe da irin waɗannan fayiloli a ofis, kuma ina so a yi wa jami'a adalci: ba duk wanda ya ɓace ne aka zalunta ba. Akwai wanda rashin aikin yi bayan hidimar ƙasa ya turo shi, ranar da ya sami aiki ranar ya ajiye karatun. Akwai ma'aikacin da takardar ƙarin girma kawai yake nema, ba shi da sha'awar bincike ko kaɗan, idan aka matsa sai ya je shagon masu buga takardu a bakin ƙofar jami'a ya sayi kundin wani a sauya suna. Riƙe irin wannan da ƙarfi ba alheri ba ne gare shi, kuma ɓata sunan digirin ne.

Shawarata ita ce a raba hanya tun a ƙofa. Wanda ƙwarewar aiki yake so, a nuna masa digiri na biyu na ƙwararru, mai darussa da ɗan taƙaitaccen aiki, wanda jami'o'inmu da yawa suna da shi a fannonin mulki da kasuwanci da lafiyar al'umma. Wanda zai shiga digirin bincike kuwa a zauna da shi a yi masa tambayoyi baki da baki, a gaya masa gaskiyar abin da zai ci na lokaci da na kuɗi. Idan kuma mutum ya ci darussansa amma bincike ya gagara, ya kamata a ce akwai takardar shaida da zai fita da ita cikin mutunci, maimakon a bar sunansa yana rataye shekara da shekaru.

Mai Binciken Gero ya amsa:

Malam Tsohon Ma'aikaci ya yi gaskiya a kan raba hanya. Ni zan taɓo rabin tambayar Dakta na biyu, wato abin da ke jawo ɗalibi nagari, domin a fanninmu na noma an gwada wani abu kuma ya yi aiki.

Ɗalibi mai hazaƙa ba tallar rediyo yake bi ba. Malami yake bi wanda ya ji sunansa, da aikin bincike da ya san akwai kuɗin yin sa. Cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 da tallafin gidauniyar MacArthur, ta shiga shirin Bankin Duniya na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da aka fara a 2014, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyarta ta cututtukan yankuna masu zafi da aka yi sakaci da su. Abin lura a shirin shi ne ba a sakin kuɗi sai an nuna sakamako, kuma cikin abin da ake ƙirgawa har da ɗalibai mata da ɗaliban da suka zo daga wasu ƙasashen yankin. Nan take cibiyoyin suka koyi neman ɗalibi har gida, da tanadar masa masauki, da ba shi kuɗin zuwa gona ko sayen sinadaran gwaji. A Jami'ar Ghana kuma, cibiyar WACCI da Farfesa Eric Danquah ya jagoranci kafawa a 2007 tana koyar da masu digiri na uku a fannin inganta iri ta wata hanya mai hikima: ɗalibi ya yi darussansa a harabar jami'ar da ke Legon, sannan ya koma ƙasarsa ya yi binciken a kan amfanin gonar mutanensa, a cibiyar da ya fito, malamai suna bin sa can. Wanda ya yi digirinsa a kan geron Maraɗi ko waken Kano, a gonar gwajin da zai ci gaba da aiki a cikinta, da wuya ya tattara ya bar ƙasar bayan ya gama.

Na san za a ce waɗannan suna da dala, kuma gaskiya ne sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma akwai ɓangaren da kowane sashe zai iya kwaikwaya. Duk malamin da zai nemi tallafin bincike, ko daga asusun bincike na ƙasa da TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ke gudanarwa ko daga waje, sashe ya nace ya sa ɗalibi ɗaya ko biyu a cikin kasafin, da kuɗin rajistarsu da ɗan alawus na wata. A kuma daina barin ɗalibi ya zaɓo take daga sama wanda babu kayan aikinsa. Idan ɗan noma ne, ga cibiyar binciken noma ta Samaru, ga ta dabbobi a Shika, ga ofisoshin cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, a Kano, dukansu suna da gonaki da ɗakunan gwaji da masana da za su iya zama mai duba aiki na biyu. Idan ɗan tarihi ne ko harshe, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna cike da abin da ba a taɓa ba. Ga kuma tallafin Commonwealth mai ba ɗalibin digiri na uku damar yin shekara guda a Ingila alhali rajistarsa tana gida, da na DAAD ta Jamus mai ɗaukar nauyin karatu a cikin ƙasa ko a yankin. Ɗalibai da yawa ba su taɓa jin labarinsu ba, domin babu wanda aikinsa ne ya gaya musu.

Dakta, ka kuma lura da masu nema iri biyu da ke tafe. TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993, ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga Janairun 2025, saboda tsadar canji da kuma masu tafiya su ƙi dawowa. Ma'anarsa malaman kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da na jami'o'in jihohi, waɗanda ke neman digiri na uku domin su hau manyan matakai, a gida za su nemi gurbi, da kuɗinsu a hannu. Ingila ma tun Janairun 2024 ta hana masu digiri na biyu na darussa tafiya da iyalansu. Na biyu kuma su ne 'yan'uwanmu na Nijar, daga jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram, waɗanda Kano ko Katsina ko Sakkwato ke kusa da su, Hausa kuma ta haɗa mu. Abin da ke tare su shi ne Turanci da wahalar tantance takardunsu na Faransanci, kuma kwas na 'yan watanni da ma'aikaci guda da ya san aikin sun isa su warware wannan. A ƙarshe ina ganin lokaci ya yi da shugabannin jami'o'i za su tunkari gwamnatocin jihohi. Jihar Kano ta sanar da ɗaukar nauyin mutum 1,001 zuwa digiri na biyu a ƙasashen waje a 2023, kuma abin a yaba ne, amma kuɗin mutum ɗaya a waje zai riƙe mutane da dama a gida har da kuɗin bincikensu.

Mai Kula da Ɗalibai ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma kan fayilolin kamar yadda Baba Farfesa ya ce, kuma lallai da yawansu a 2020 da 2022 suka tsaya. Na fara kiran lambobin da ke ciki, wasu ba sa shiga, amma waɗanda na samu kusan duk tambaya ɗaya suke yi mini: idan sun dawo, sai sun biya kuɗin rajistar duk shekarun da suka wuce? Wasunsu ma wa'adin da doka ta ba su ya ƙare. Kalandar samina da hana abincin difens da karɓar babi ta imel zan kai su zaman sashe mai zuwa, amma wannan ta bashin rajista ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Dattijon Tsangaya ya amsa:

Wannan ba hurumin sashe ba ne, Dakta, kada ka yi wa kowa alkawari da baki. Ka rubuta takarda ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya zuwa hukumar makarantar gaba da digiri, ita za ta kai gaban majalisar jami'a. Ka nemi abu biyu a rarrabe, domin idan aka ƙi ɗaya kada ya tafi da ɗayan: na farko, kada a lissafa watannin yajin aiki da na kullen korona cikin wa'adin ɗalibi, na biyu kuma a yafe ko a rage bashin rajista ga wanda ya dawo cikin wani lokaci da za a ƙayyade. Ka haɗa da jerin sunaye, da matakin da kowa ya tsaya, da sa hannun malamin da ya yarda zai karɓe shi, da ranar da ake sa ran zai kare kundinsa. Kafin takardar ta shiga, ka je da ƙafarka ka ga ma'ajin jami'a, ka nuna masa cewa kuɗin da ake cewa za a yi asara ba mai shigowa ba ne tun asali, alhali wanda ya dawo zai biya na bana da na jarrabawa. Ka kuma tuntuɓi takwarorinka na sauran sassan tsangayar, domin takardar da sassa huɗu suka sa wa hannu ta fi saurin samun shiga ajandar majalisa a kan ta sashe guda.